Akwatin da Aka Kai Cikin Gida

Abin da Shazli yake tsoro ba mutuwar amfilifaya a tsakiyar biki ba ce, ko da yake haka abokan aikinsa suka ɗauka, shi kuma bai taɓa gyara musu ba. Akwatin nan da ke ɗaga sautin jitarsa ya taɓa mutuwa sau ɗaya tak, shekara uku da suka wuce, a wani biki a garin Armant, kudancin Masar. Fis ɗin wutar da ke cikinsa ne ya ƙone. Sai da aka cinye waƙa guda da rabin ta biyu kafin ya lalubo wani ya sa, yana durƙushe a bayan akwatin, gumi na ɗiga daga hancinsa, yana jiran Rayyis, shugaban ƙungiyarsu, ya waiwayo ya watsa masa harara. Rayyis bai waiwayo ba. Babu wanda ya waiwayo. Da aka tashi ma sai Rayyis ya dafa kafaɗarsa ya ce yau hannunsa ya yi daɗi.

Tun daga ranar Shazli ya san ainihin abin tsoronsa: akwatin ya sake mutuwa, shirun ya yi tsawon da wani zai ankara cewa babu abin da ya ragu a kiɗan. Saboda haka ya sayi akwati na biyu, ƙarami, yake ajiye shi kusa da ƙafarsa ta hagu a kowane biki, a jone da wuta, wayarsa a shirye. Ya gwada a ɗakinsa har sai da ya iya sauya waya daga babba zuwa ƙarami kafin a ƙirga huɗu. Yana da difloma a aikin lantarki daga wata makarantar fasaha a Ƙina, ya san kowace waya da ke cikin akwatunan biyu, kuma sanin bai rage masa fargaba ba ko kaɗan. Cikin shekara ukun nan ba a taɓa kunna ƙaramin a gaban jama'a ba.

Su huɗu ne a ƙungiyar. Rayyis Abul Wafa shi ne mawaƙi, shi ne kuma mai motar. Dahi yana kaɗa fiyano, Gad yana kan gangar tabla, Shazli kuma yana riƙe da jitar bes mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda sautinta ke tafiya a ƙarƙashin na kowa.

Ranar wata Alhamis ta lokacin yankan rake suka nufi wani ƙauye kudu da Isna. Suna bin bayan tarakta mai jan amalanke cike da rake, ba hanyar wucewa, Gad da Shazli kuma suna matse a kujerar baya tare da kaya.

"Injiniya, don Allah janye Autanka daga haƙarƙarina," in ji Gad, yana ture ƙaramin akwatin da gwiwar hannu. "Shekara uku muna yawo da yaron nan, ko tarinsa ban taɓa ji ba. Anya ba bebe ka haifa ba?"

"Lafiyarsa ƙalau. Jiya ma na gwada shi."

"Ka gwada shi, ka shafa masa mai, ka lulluɓe shi. Wallahi uwata ba ta yi mini rabin wannan gatan ba."

Dahi ya yi dariya daga kujerar gaba. Rayyis bai yi ba. Ya dubi Shazli ta madubi, ya gyara zaman rawaninsa da hannu ɗaya.

"Tunda an taso da maganar, bari in faɗa maka yanzu, ɗana. Mako mai zuwa sababbin lasifikokin Dahi za su iso. Na auna motar nan da igiya. Akwati ɗaya ne naka zai shiga, ba biyu ba."

"Rayyis, idan ɗayan ya mutu fa?"

"Idan ya mutu Dahi ya riƙe maka da hannun hagu. Fiyanon nan nasa yana da bes a ciki, ko ba haka ba, Dahi?"

"Har kala goma sha biyu," in ji Dahi, ba tare da mugunta ba.

"To ka ji. Ka zo da akwati ɗaya, ko ka zauna a gida da biyun. Ba korarka nake yi ba, Allah shaida ne. Ka yi tunani, in mun tashi yau ka ba ni amsa."

Shazli ya rungume ƙaramin akwatin har suka isa. Ya san ba zai iya tsayawa a gaban mutane da akwati ɗaya ba. Ya kuma san cewa ranar da Dahi ya riƙe masa da hannun hagu sau ɗaya, ya riƙe ke nan har abada.

Bikin gidan amarya ne, kuma na rana, domin za a haye da ita kogi zuwa garin mijinta kafin jirgin fito na ƙarshe. An kafa rumfar maza a masussuka, ƙetaren lungu, bakinta na kallon gonaki. Mata suna cikin gida, bayan doguwar katangar ƙasa. Suna cikin sauke kaya a ƙofar gidan sai ga wata dattijuwa ta fito cikin baƙin mayafi, zoben makullai na lilo a ƙugunta. Hajja Wahiba ce, gwaggon amarya, kuma ko uban amaryar sai ya tambaye ta kafin ya taɓa buhun sukari a ranar. Ta tsaya tana duban kayan ɗaya bayan ɗaya. Idonta ya sauka a kan akwatunan Shazli, baƙaƙe iri ɗaya, babba da ƙarami, a jere.

A ƙauyukan nan duk abin da ya shigo gidan biki biyu-biyu an san rabonsa ba sai an faɗa ba. Tiren shayi biyu, ɗaya rumfa, ɗaya cikin gida. Cinyar rago biyu, haka. Fitila biyu, haka.

"Masha Allah!" in ji Hajja Wahiba. "Yau dai an kawo mana makaɗa 'ya'yan mutane. Shekara hamsin ina bikin 'ya'yan gidan nan, kowa ya zo sai ya juya mana ƙeya ya yi wa gonar rake kiɗa. Wannan ƙaramin namu ne ko?"

Shazli ya buɗe baki. Rayyis ya riga shi, ya dafe ƙirji ya ɗan rusuna.

"Naku ne mana, Hajja. Saboda ku muka ɗauko shi tun daga Luksor."

"Allah ya yi muku albarka. Wa zai shigar da shi?"

"Injiniyanmu da kansa."

"Rayyis," Shazli ya yi ƙasa da murya, "wannan ai na ko-ta-kwana ne. Kuma jitata kaɗai zai ɗauka, ba muryarka ba, ba fiyano ba. Ba shi da kafar da…"

"Ka fi son in ce wa uwar gida ta yi kuskure a ƙofar gidanta? Ɗauki ka bi ta."

Ya ɗauka ya bi ta, kansa a sunkuye. Tsakar gidan na ƙamshin miyar lalo da gurasar da aka fito da ita daga tanderu. Daga gefen idonsa ya ga ƙafafu masu lalle suna janyewa daga hanya. Hajja Wahiba ta nuna masa dakali kusa da randunan ruwa, ya ajiye. Da ya tambayi inda zai sami wuta, ta leƙa wani ɗaki ta zare filogin firji ta miƙo masa bakin soket ɗin.

"Hajja, naman da ke ciki fa?"

"Naman zai shiga cikin baƙi kafin ya san an kashe."

Yana da naɗin waya mai tsawon mita arba'in da ya daɗe yana yawo da shi saboda ko-ta-kwana. Ya jona bakinta a bayan babban akwati, ya bi da ita gefen masussuka, ya binne ta da ƙasa inda ta ratsa lungu don kada jaki ya taka, ya ɗora ta kan katanga ta sauka cikin gida. Da ya koma mazauninsa ya dubi wurin da ke kusa da ƙafarsa ta hagu. Babu komai sai tabarma.

Bayan la'asar aka fara. Waƙa biyu na farko Shazli bai san yadda suka wuce ba. Idonsa na kan jar fitilar babban akwati, yatsunsa na taka sautuka huɗun da ya saba takawa, waɗanda ba a kuskure a cikinsu. Maza sun fito fili rawar sanda, biyu-biyu, suna zagaya juna. Rayyis yana gaishe da dangi gida-gida, shayi baƙi mai nauyi yana yawo.

A waƙa ta uku ne ya lura da guɗar. Guɗa a biki ba abin lura ba ce, amma tana da wurinta: idan mawaƙi ya ambaci amarya, ko ya ja murya sama ya daɗe. Wannan kuwa ta taso daga bayan katanga a lokacin da Rayyis yake kurɓar ruwa. Shazli ya duba ko wani babban baƙo ne ya iso. Babu kowa a lungun. Ya tuna abin da ya faru daidai lokacin: yatsansa ya zame, ya taɓa wani sauti da bai yi niyya ba, ya yi sauri ya gangaro ya dawo kan hanya.

Ya bari aka yi nisa. Sa'an nan ya sake yin zamewar, da gangan, a hankali.

Guɗa ta tashi, murya uku ko huɗu.

Ya kasa kunne sosai, ya tace muryar Rayyis da fiyano ya ajiye gefe, sai ya ji abin da ke gudana a cikin gidan. Lasifikokin rumfa suna kallon gonaki, abin da ke isa ga mata daga cikinsu bai wuce gunaguni ba. Abin da suke ji a fili, daga kan dakali, shi ne jitarsa ita kaɗai, tsirara. Sun kawo mandirinsu, wata tana dukan tasa, kuma ba waƙar Rayyis suke bi ba sam. Tasu suke rerawa, ta kai amarya, sun ɗora ta a kan sautinsa kamar yadda ake ɗora tukunya a murhu.

Me suke ji? Shi kansa bai taɓa jin kiɗansa shi kaɗai a fili ba. Ya gwada jinkirta sauti ɗaya kaɗan, ya ji tafin matan ya jira shi. Ya gwada buga biyu a wurin ɗaya, mandiri ya amsa da biyu. Ya hau tsirkiya ta sama, wadda ya kan guje wa, aka yi shewa, wata ta yi dariya har ta tsallako katanga. Ko dariyar yabo ce ko ta ba'a, bai sani ba, sai ya sauko ya bi ta wata hanya ya ji me za a ce.

"Injiniya, lafiya?" Gad ya jefo masa ba tare da ya daina kiɗa ba. "Murmushin me kake yi kai kaɗai? Ko wutar ce ta ja ka?"

Shazli ya girgiza kai. Wata tambaya ce ta shige shi, wadda ya shekara uku yana ɗaukar kilo goma sha biyu don kada a amsa ta. Ya yi ƙoƙarin ture ta. Ya gaya wa kansa cewa bikin mutane ne, cewa Rayyis na jiran amsa da yamma, cewa mai hankali ba ya tona abin da ya binne da hannunsa. Amma son sani ya riga ya fi ƙarfin tsoron. A tsakiyar waƙa ta biyar, inda kiɗa ya fi zafi, ya ɗaga yatsunsa daga tsirkiya ya ɗora tafin hannu a kansu.

Ya fara ƙirge a zuci. Rayyis ya ci gaba da waƙa, idonsa a rufe, hannu ɗaya a kunne. Dahi yana kallon yatsunsa. Masu sanda suna zagaye, ƙura na tashi daga ƙafafunsu. Wani dattijo a layin gaba yana gyaɗa kai daidai yadda yake gyaɗawa tun ɗazu. Gad ya ɗan yamutsa fuska kamar wanda ƙuda ya gifta, ya ci gaba. Shazli ya kai goma, ya kai goma sha biyar. Abin Armant ne ya dawo, sai dai yau yana tsaye yana kallo da idonsa.

A bayan katanga mandiri ya yi tuntuɓe. Tasa ta buga sau biyu ita kaɗai ta tsaya. Waƙar matan ta watse, hayaniya ta maye gurbinta, kuma ya ji ana dukan saman ƙaramin akwatin da tafin hannu yadda ake dukan rediyo.

Ya kamata ya koma kiɗa a nan. Bai koma ba, ya tsaya yana sauraron hayaniyar, har ƙofar gida ta buɗe. Hajja Wahiba ta tsallaka lungu, makullanta na ƙara, ta zo ta tsaya daidai bakin rumfa, inda mace ke tsayawa, ko taki ɗaya ba ta ƙara ba. Masu sanda suka sauke sandunansu. Fiyano ya yi shiru, sa'an nan tabla. Rayyis ne na ƙarshe, sai da ya buɗe ido.

"Wa ya kashe mana?" ta tambaya.

"Kashe me, Hajja? Kiɗa na tafiya."

"Naku na tafiya. Namu ya mutu. Yarinya tana tsakiyar fili, ƙawayenta sun yi mata da'ira, ta ɗaga ƙafa ke nan aka janye mata ƙasa. Tana can tsaye kamar wadda aka watsa wa ruwa."

Rayyis ya waiwayo, karo na farko tun da aka fara kiɗa. Ya dubi jar fitila, tana ci. Ya dubi Shazli.

"Wayar ce ta tsinke, Injiniya?"

Ƙarya na nan a shirye, Rayyis da kansa ya miƙo masa ita. Shazli bai karɓe ta ba.

"Waya lafiya take. Ni na tsaya."

"Ka tsaya? Don me?"

"Ina so in gani."

"Ka ga me?" in ji Hajja Wahiba. "Ɗan nan, a bikin 'yar ƙanena za ka yi gwaji? In gwaji kake so ka je ka yi a bikin uwarka, Allah ya ƙara mata lafiya."

Rumfa ta ɗauki dariya. Shazli ya sunkuyar da kai ya ce ta yi haƙuri, ya yi kuskure.

"Ka yi kam. To kunna. Kuma ka ji ni da kyau, kada ka koma mana irin na farkon nan, kana taku ɗaya-ɗaya kamar mai ratsa gonar albasar wani. Wancan da ka yi daga baya, mai gangarowa, shi yaran suke so. Amma na saman nan mai kukan akuya ka bar shi."

Ta juya ta tafi. Gad ya kifa kansa a kan tabla, kafaɗunsa na rawa.

Aka koma kiɗa, Shazli ya bar na saman. Har rana ta yi ja bai sake duban fitilar akwati ba, domin kunnensa na ƙetaren lungu, yana ba su suna mayar masa. Kafin magariba aka fito da amarya, motoci suka nufi mashigi da ita, rumfa ta watse. Ya shiga ya ɗauko ƙaramin akwatin. Ya tarar da shi da ɗumi, an bar zoben kofin shayi a samansa, an kuma ɗora masa gurasa biyu a ƙulle cikin tsumma. Ya mayar da filogin firji da hannunsa kafin ya fito.

Suna loda kaya, da aka kusa gamawa sai Rayyis ya zo wajensa. Ya jingina da motar yana murza gashin bakinsa.

"Ka tsayar mini da kiɗa a bikin mutane," ya ce. "A gaban uban amarya."

"Na yi laifi, Rayyis."

"Ka yi." Rayyis ya gyara zaman rawaninsa. "Tsawon wane lokaci ka tsaya kafin matar nan ta fito?"

"Kusan rabin waƙar."

"Rabin waƙa." Rayyis ya dubi ƙasa. "Wallahi ban ji ba. Ba zan yi maka ƙarya ba, ban ji ba."

"Na sani."

"Ni na ji wani abu," in ji Gad, "amma na ɗauka cikina ne."

Babu wanda ya yi dariya sai Dahi, shi ma ya katse ta da wuri. Rayyis ya buga jikin motar da tafin hannu.

"Duk da haka motar ba ta ƙara faɗi ba, ɗana. Maganata tana nan. Alhamis muna da biki a Tod. Akwati ɗaya ko babu."

Shazli ya dubi akwatunan biyu a ƙasa. Babban ya fi ƙarfi, ya fi tsada, shi ne ake gani a rumfa. Ƙaramin ko rabin rumfa ba zai cika ba, amma ya cika tsakar gida. Ya ji tsoron yana nan inda yake, bai je ko'ina ba.

"A Tod ɗin, matan a cikin gida za su zauna?"

"A ina kuma za su zauna?"

"To Dahi ya riƙe muku rumfa da hannun hagu. Ni a ba ni kujera a gindin katanga, inda zan ji su."

"Ai shi ke nan ba ka da na ko-ta-kwana, Injiniya," in ji Gad. "In Auta ya mutu fa?"

"Za a fito a gaya mini." Ya sunkuya ya ɗauki ƙaramin akwatin da naɗin wayar, ya ɗaga murya yadda duk za su ji. "Rayyis, ranar Alhamis da akwati ɗaya zan zo. Babban zan bari a gida."